WALIYYI AGUSTIN, MUTUMIN DA KE RIƘE DA ZUCIYARSA A HANNU

A zangon karatun da ya wuce, wata rana malaminmu na tarihi ya shigo aji rungume da wani ƙaton littafi mai hotunan tsofaffin majami'un ƙasashen Turai, ya ce mu riƙa dubawa muna miƙa wa juna. Da littafin ya iso teburina sai na tarar an buɗe shi daidai wurin hotunan tagogi. Tagogin nan dogaye ne ƙwarai, na gilashi mai launi iri iri, ja da shuɗi da kore da ruwan ɗorawa, kuma a cikin kowace taga akwai siffar mutum a tsaye riƙe da wani abu. Wannan yana riƙe da mabuɗai, wancan da takobi, wani kuma zaki ne kwance a gindin ƙafarsa. Amma wanda ya tsaya mini a rai shi ne wani dattijo mai doguwar hula da kwagiri, a tafin hannunsa ga zuciyar mutum tana ci da wuta, kibiya ta huda ta. Na tambayi Malam ko wane ne wannan. Ya ce sunansa Agustin, kuma mutumin Afirka ne, in ina son sauran bayani ga laburare can a buɗe. To, abin da na samo ke nan nake so in ba 'yan'uwana ɗalibai labari.

Kafin in shiga tarihinsa, ya kamata in faɗi dalilin waɗannan abubuwa da ake riƙa wa mutanen cikin taga. A zamanin da aka gina manyan majami'un Turai, kamar ta garin Shartar a Faransa wadda yawancin tagoginta na ƙarni na 13 ne, talakawa kaɗan ne suka iya karatu. Ko an rubuta sunan waliyyi a ƙarƙashin siffarsa, manomi ba zai gane ba, balle kuma tagar tana can sama nesa da ido. Saboda haka sai masu sana'ar suka bi al'adar ba kowane waliyyi alamarsa, yadda ake gane basarake da sandarsa. Bitrus yana da mabuɗai. Bulus yana da takobi, domin an ce da takobi aka sare shi. Andarawus yana da gicciye mai kama da harafin X, Bartalamawus wuƙa, Katarina ta Iskandariya kuwa wili mai ƙusoshi. Marubutan Linjila huɗu su ma da nasu: Matiyu mutum mai fukafukai, Markus zaki, Luka sa, Yohanna gaggafa.

Aikin kansa ba ƙarami ba ne. Tun gilashin yana narke ake zuba masa garin ƙarfe don ya ɗauki launi: wani ma'adini da ake kira kobal yana ba da shuɗi, jan ƙarfe kuma yana ba da ja ko kore. Sai a yayyanka shi ƙanana, a zana ido da gashi da ninkin tufa da baƙin fenti, a gasa a wuta don zanen ya kama, sa'an nan a harhaɗa gutsattsarin da siraran sandunan dalma. Da dare tagar baƙa ce ƙirin, sai rana ta bugo ta daga waje siffar ke bayyana.

Abin da na lura da shi shi ne, yawancin waliyyan nan ana gane su ne da abin da aka kashe su da shi, ko abin da aka ba su. Shi Agustin ba a kashe shi ba, a kan gadonsa ya mutu. Me ya sa aka ɗora masa zuciya a hannu? Amsar tana cikin rayuwarsa.

An haifi Agustin ran 13 ga Nuwamba, shekara ta 354, a wani ƙaramin gari mai suna Tagaste, wanda yau ake kira Suk Ahras a gabashin Aljeriya. A lokacin duk arewacin Afirka yana ƙarƙashin mulkin Rumawa, kuma Latin shi ne harshen karatu da shari'a. Ubansa Fatrishiyus yana da 'yar gona, kuma yana cikin 'yan majalisar garin, amma ba mai kuɗi ba ne, kuma bai karɓi addinin Kirista ba sai gab da mutuwarsa. Uwarsa Monika kuwa Kirista ce mai riƙo da addini ƙwarai. Masana da yawa suna ganin sunanta na Barbar ne, wato mutanen asalin ƙasar.

Yaron yana da kaifin ƙwaƙwalwa, amma ba ya son makaranta. Wasa ya fi so, ya sha bulala a wurin malamai, kuma ya tsani darasin Girkanci, har ya tsufa bai ƙware a cikinsa sosai ba. Duk da haka iyayensa sun ga alamar zai yi nisa, suka aika da shi wani gari kusa mai suna Madaura don ƙarin karatu. Da ya kai shekara 16 sai kuɗi suka ƙare, ya komo gida ya zauna shekara guda ba aikin fari ba na baƙi. Zaman banza kuwa kowa ya san abin da yake haifarwa.

A wannan shekarar ce ya yi abin da har yau ake ba da labarinsa. Kusa da gonar inabinsu akwai wata itaciyar fiya ta wani maƙwabci, irin fiyar ƙasashen sanyi, ba irin tamu mai ƙwallo ba. Wata rana da tsakar dare shi da abokansa suka je suka kakkaɓe ta, suka kwashi lodi. Ba yunwa suke ji ba, 'ya'yan ma ba su da wani daɗi, kuma a gidansu akwai waɗanda suka fi su. Suka ɗan ɗanɗana, suka watsa wa aladu sauran. Bayan kamar shekara 30, yana babban malamin addini, ya zauna ya rubuta labarin nan, yana tuhumar kansa dalilin da ya sa ya yi. Abin da ya gano shi ne laifin kansa ne ya yi masa daɗi, kuma da shi kaɗai ne da bai yi ba, kunyar abokai ce ta ja shi.

Da na karanta wannan sai jikina ya yi sanyi. Ina aji biyu, ni da wasu abokaina mun tsallake shinge mun shiga lambun wani tsoho da ke bayan makaranta, muka tsinke masa mangwaro ɗanye shar, wanda ko da gishiri ba ya ciwuwa. Muka yi ta jifan juna da shi muna dariya. Ban taɓa tambayar kaina dalili ba sai da mutumin da ya mutu shekara kusan 1,600 da suka wuce ya tambaye ni.

Wajen shekara ta 371, da taimakon wani attajirin garinsu mai suna Romaniyanus, Agustin ya tafi Kartaj, babban birnin yankin, wanda kufansa ke kusa da Tunis ta yanzu. Ɗan ƙauye ya shiga birni, ba uwa ba uba kusa. Ya shiga kallon wasannin kwaikwayo da neman mata, har ya ajiye wata mace ba aure, ta haifa masa ɗa aka sa masa suna Adewodatus, ma'anarsa kyautar Allah. Amma bai yi wasa da karatu ba, shi ne kan gaba a fannin iya magana a gaban jama'a, wanda a zamanin shi ne hanyar samun babban muƙami. Yana shekara 19 ya karanta wani littafin Sisaro, mashahurin marubucin Rumawa, wanda ya cusa masa ƙishin neman gaskiya. Ya buɗe Littafi Mai Tsarki, ya ga Latin ɗinsa bai kai na Sisaro daɗi ba, ya rufe. Sai ya shiga ɗariƙar mabiya Mani, wani mutumin Farisa wanda ya koyar da cewa haske da duhu ƙarfi biyu ne masu yaƙi da juna tun fil azal. Wannan koyarwa ta yi masa daɗi, domin in ya yi laifi sai ya ce duhun da ke cikinsa ne ya yi, ba shi ba. Shekara tara yana cikinsu, uwarsa tana kuka tana yi masa addu'a.

Ya zama malami, ya koyar a Tagaste da Kartaj. Ɗaliban Kartaj marasa ladabi ne, sukan faɗo aji su watsa darasi, don haka a shekara ta 383 ya ƙudura zai ƙetare teku zuwa birnin Rum. Monika ta bi shi har bakin jirgi tana roƙonsa kada ya tafi, ko kuwa ya tafi da ita. Sai ya yi mata ƙarya, ya ce abokinsa kawai zai raka, ta kwana a wani ɗakin ibada da ke nan kusa. Cikin dare jirgi ya tashi da shi. Gari ya waye ta tarar da wayam. A ganina duk cikin laifuffukan da ya lissafa wannan ya fi zafi, kuma duk ɗalibin da ya taɓa rubuta wa uwarsa wasiƙar ƙarya don a aiko masa da kuɗi ya san ɗacin abin.

A Rum ma bai ji daɗi ba. Ya yi ciwo kamar zai mutu, kuma ɗaliban can suna da tasu dabarar: su yi karatu wurin malami, in lokacin biya ya zo sai su gudu wurin wani. A shekara ta 384 ya sami babban matsayi, aka naɗa shi malamin iya magana na birnin Milan, inda fadar sarkin Rumawa take a lokacin. Yana shekara 30 ya sami abin da ubansa ya yi masa buri, amma hankalinsa bai kwanta ba. Ya riga ya yanke ƙauna daga mabiya Mani, domin babban malaminsu Fawustus ya kasa amsa tambayoyinsa. Ya fara zuwa sauraron wa'azin Ambros, bishop na Milan, da niyyar ya auna iya maganarsa kawai, irin ta gwani da gwani. Sannu a hankali ma'anar ta bi daɗin maganar ta shige shi.

Monika ba ta haƙura ba, ta biyo shi Milan. Ta nema masa auren 'yar manyan mutane, aka ce lalle ya rabu da uwar ɗansa, wadda suka yi shekara fiye da goma tare. Aka mai da ita Afirka, aka riƙe ɗan. Shi da kansa ya rubuta cewa rabuwar ta yi wa zuciyarsa rauni mai jini, amma ko sunan matar bai ambata ba, kuma da ya ga yarinyar da aka ba shi saura shekara biyu ta isa aure, sai ya sake ɗauko wata mace. Ban ga yadda za a wanke shi a nan ba, shi ma bai nemi ya wanke kansa ba.

A shekara ta 386 wani baƙo ɗan Afirka ya ba shi labarin Antoni na Masar, wanda ya rabar da dukiyarsa ya shiga hamada don bauta. Abin ya girgiza shi: ga marasa ilmi sun yanke shawara, shi mai ilmi ya kasa. Ya fita lambun gidan da yake haya, ya faɗi ƙarƙashin wani ɓaure yana kuka. Can sai ya ji muryar yaro daga gidan maƙwabta yana maimaita wata 'yar waƙa mai cewa a ɗauka a karanta. Ya ɗauki wannan a matsayin umarni, ya koma ya buɗe wasiƙun Bulus, idonsa ya faɗa kan sura ta 13 ta wasiƙa zuwa ga Romawa, inda ake gargaɗi a bar shaye-shaye da fasikanci da husuma. Daga nan ya yanke. Ya ajiye aikinsa, ya fasa auren, kuma a daren Ista na shekara ta 387 Ambros ya yi masa baftisma tare da ɗansa da amininsa Alifiyus.

Suna kan hanyar komawa gida, a tashar jiragen ruwa ta Ostiya, zazzaɓi ya kama Monika ta rasu tana da shekara 56. Ta dai ga abin da ta yi shekaru tana roƙo. Agustin ya koma Tagaste a shekara ta 388, ya sayar da gadonsa ya ba matalauta, ya zauna da abokansa suna karatu da addu'a. Ba a daɗe ba Adewodatus ma ya rasu, bai kai shekara 20 ba.

Niyyarsa ya ƙare rayuwarsa a haka cikin littattafai, amma ana so ana ƙaiƙayi. A shekara ta 391 ya ziyarci Hippo, garin bakin teku da yau ake kira Annaba. Ya shiga coci, tsohon bishop ɗin garin Baleriyus yana faɗa wa jama'a yana bukatar mataimaki, sai mutane suka gane shi, suka cafke shi suka tura shi gaba, aka naɗa shi firist yana hawaye. Bayan 'yan shekaru ya gaji kujerar bishop, ya riƙe ta kusan shekara 35.

Aikin bishop a lokacin ya haɗa da alƙalanci. Yakan zauna tun safe yana sauraron ƙararrakin gado da bashi da iyakar gona, wani lokaci har ya wuce lokacin cin abinci. Almajirinsa Fosidiyus, wanda ya rubuta tarihinsa, ya ce tufafinsa da abincinsa matsakaita ne, ya hana gulma a teburinsa, kuma ya taɓa sa a narkar da kayan coci masu daraja don a fanshi kamammu. A cikin wasu wasiƙunsa da aka gano a Faransa aka buga a shekara ta 1981, akwai wadda yake kuka da fataken bayi masu satar mutane a ƙauyuka, ya kuma ba da labarin yadda mutanen cocinsa suka kuɓutar da mutum wajen 120 daga hannunsu. Amma yana da nasa tabon. A rikicinsa da wani ɓangaren Kiristocin Afirka, mabiya Donatus, da farko ya ce a bi su da hujja, daga baya ya goyi bayan hukuma ta tilasta musu. Mutanen da suka zo bayansa sun kafa hujja da wannan sun zalunci wasu.

Da dare kuma sai rubutu. Tsakanin shekara ta 397 da ta 400 ko kusa da haka ya rubuta littafin da ya fi shahara da shi, wanda ma'anar sunansa ita ce Furci ko Iƙirari, mai kashi 13. A ciki ne duk labaran nan na fiya da jirgi da ɓaure suke. Ku duba fa, a lokacin shi bishop ne, yana da abokan gaba masu neman abin da za su kama shi da shi, amma ya ɗauki alƙalami ya tona asirin kansa da kansa. A shekara ta 410, da mayaƙan Alarik suka ci birnin Rum, wasu suka ce barin gumakan kakanni ne ya jawo masifar. Don ya amsa musu ya rubuta Birnin Allah, mai kashi 22, wanda ya ɗauke shi daga 413 zuwa 426. Da ya tsufa kuma ya bi littattafansa 93 ɗaya bayan ɗaya yana nuna inda ya yi kuskure. Malamai nawa ne za su iya haka?

Ƙarshensa ya zo cikin tashin hankali. A shekara ta 429 wata ƙabila mai suna Bandal ta ƙetaro daga Sifen ta yi ta cin garuruwan arewacin Afirka, har ta kewaye Hippo. A wata na uku na kewayewar zazzaɓi ya kwantar da shi. Ya sa aka rubuta masa Zaburan tuba aka manna a bango inda zai riƙa gani daga gado, ya roƙi a bar shi shi kaɗai, sai mai kawo abinci da mai magani. Ya rasu ran 28 ga Agusta, shekara ta 430, yana da shekara 75. Bai bar wasiyya ba domin ba shi da abin da zai bari, sai littattafai, su kuwa sun tsira. Daga baya aka kai ƙasusuwansa tsibirin Sardiniya, sa'an nan garin Fabiya a Italiya, inda kabarinsa yake har yau.

Yanzu mu koma ga taga. Doguwar hular da kwagirin suna nuna shi bishop ne, makiyayin jama'a, ko da yake a zamaninsa ba a fara sa irin wannan hula ba, masu zane ne suka tufatar da shi irin na nasu zamanin. Fuskar ma ta ƙirƙira ce, ba wanda ya san kamanninsa, shi ya sa sau da yawa akan mai da shi kamar Bature. Littafi da alƙalami suna nuna malanta. Sau da yawa akan jera shi da sauran manyan malamai uku na cocin Yamma: Ambros da amyar zuma, Jerom da zakinsa, Giregori da kurciya. Wani lokaci akan sa yaro kusa da shi riƙe da ɓawon katantanwa, saboda wata hikaya da ke cewa ya ga yaro yana ƙoƙarin kwashe teku ya zuba a ɗan rami, yaron ya nuna masa cewa haka yake shi ma da yake son ya ƙure sanin Allah da ƙwaƙwalwarsa. Wannan hikaya ba ta cikin rubutunsa, daga baya aka ƙago ta. A garin Erfut na Jamus kuma, a cocin sufaye masu bin ƙa'idarsa, inda Martin Luta ya shiga sufanci a shekara ta 1505, akwai taga ta farkon ƙarni na 14 wadda aka zana labarin rayuwarsa daki daki.

Ita kuwa zuciyar, daga littafinsa aka ɗauko ta, domin a ciki ya kamanta ƙaunar Allah da kibiya da kuma wuta, kuma daga farkon littafin zuwa ƙarshensa maganar zuciya yake yi, da rashin natsuwarta, da abin da take nema. Shi ya fara fito da ita ya nuna wa duniya, da tabonta da komai, masu gilashi suka bar masa ita a hannu.

Mu a nan makaranta, da Musulmi da Kirista, ba lalle ne mu yarda da duk abin da Agustin ya koyar ba. Amma kowannenmu ya bar gida ya zo neman ilmi kamar yadda ya bar Tagaste, kuma kowa yana da wata uwa a gida mai jiran labarinsa. Ni dai abin da na ɗauka shi ne, ilmin da bai sa mutum ya iya cewa ni ne na yi kuskure ba, da sauransa. A hutun da ya wuce na je lambun tsohon nan na gaishe shi, na faɗa masa abin da muka yi shekara uku da suka wuce. Ya dube ni ya yi dariya, ya ce ai tun a ranar ya gan mu, jira yake ya ga wanda zai dawo. Ya cika mini aljihu da nunannen mangwaro. Nan zan dasa aya.